Abokin Wasan da Ba Ya Gane Hannunka-Mai-Sanda

4 ga Janairu

Yau na buɗe wannan littafi. Abin da na ɗora wa kaina shi ne in buga rabo 500 na wasan birij da kwamfuta a matsayin abokin zama, goma-goma a rana idan hali ya yi, in riƙa rubuta duk gwanjon da ya kai mu ya baro. Buga kati ba shi ne ciwona ba. Idan aka shimfiɗa hannun abokin wasa a gabana, ina iya ƙirga abin da zan ci da abin da zan rasa. Inda nake tuntuɓe shi ne kafin nan, wajen tayi, kuma yayana da ya koya mini wasan har ya gaji da faɗa mini haka. Yanzu aiki ya sha masa kai, ba ma samun zama sai jefi-jefi, shi ya sa na koma wa mutum-mutumi. Kullum ni ne a Kudu, shi a Arewa, 'yan'uwansa biyu a Gabas da Yamma suna adawa da mu. Daga yau "gogan" zan riƙa kiransa.

Saboda wanda zai leƙa littafin nan bai san wasan ba: kati 52 ne, mutum huɗu, kowa da 13. Kafin a jefa ko ɗaya sai an yi gwanjo. Kowane tayi lamba ce daga 1 zuwa 7 haɗe da dangin da zai zama mai yanka, daga ƙarami zuwa babba ♣, ♦, ♥, ♠, sai NT a samansu, wato wasan da babu mai yanka. Lambar a kan shida ake ɗora ta, don haka wanda ya ce 4♠ ya yi alkawarin cin zagaye goma cikin 13. Tayi 35 ne kacal, sai "na wuce", sai ninki, wanda ke ƙara lada da tara, sai ninkin-ba-ninki. Da waɗannan kalmomi 38 za ka bayyana wa abokinka hannu guda cikin hannuwa fiye da biliyan 635 da za su iya faɗo maka. Wannan talaucin kalmomi shi ne wasan gaba ɗaya.

Ƙarfin hannu da maki ake auna shi: as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimilla 40 a cikin katin duka. Milton Work ne ya yaɗa wannan lissafi, Charles Goren ya kai shi ko'ina. Tsarin gogan kuwa sananne ne: ba ya buɗewa da 1♥ ko 1♠ sai da kati biyar, 1NT ɗinsa maki 15 zuwa 17 ne a daidaitaccen hannu, idan kuma ya amsa da sabon dangi a hawa na biyu, to ba tsayawa sai an kai gem, wato alkawari mai babbar lada kamar 3NT ko 4♠.

Na raba shafi gida uku: laifina, laifin gogan, da laifin rabo.

9 ga Janairu

Kwana biyar ke nan, ga abin rubutawa na farko. Muna cikin ja, wato yanayin da lada ke da yawa, tara ma haka. Hannuna:

♠ K Q 10 8 7 4 2
♥ 5
♦ Q J 6 3
♣ 4

Gabas ya buɗe da 1♥. Na ce 1♠, a raina ina cewa bari in shiga a hankali in ji inda aka dosa. Yamma ya yi tsalle zuwa 4♥, gogan ya wuce, Gabas ya wuce. Da kati bakwai a ♠ da tilo biyu, ba zan bar musu ba, na ce 4♠. Nufina a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama da ni: ba ƙarfi gare ni ba, tsawo gare ni, ko dai mu ci ko mu faɗi da arha.

Gogan ya ce 6♠. Ko numfashi bai ja ba.

Gabas ya ninka, suka kwashe as uku ɗaya bayan ɗaya, na ci goma, an rubuta mana tarar 500. Da a 4♠ muka tsaya, 620 ce tamu. Hannun gogan: ♠ A 3, ♥ 9 6 2, ♦ K 8 4, ♣ K 9 7 5 3. Maki goma.

Da zafina na rubuta shi a gidan laifinsa. Sai da na huce na koma na danna kan 4♠ ɗina don in ga fassarar da manhajar ta ba shi. Ashe a wurinsa, wanda ya fara da 1♠ sannan ya sake magana shi kaɗai a hawa na huɗu, bayan abokinsa ya yi shiru, mai ƙarfi ne sosai, maki 18 ko fiye. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce: mai dogon dangi maras ƙarfi da tun farko ya yi tsalle zuwa 3♠ ko 4♠. Tunda ban yi ba, to ba shi ne ni ba. Na goge, na mayar da shi gidana. Tsallen 6♠ ba tare da tambayar as ba dai har yanzu ina ganin akwai garaje a cikinsa, amma ni na ba shi tsanin.

13 ga Janairu

Sabuwar doka: ba na danna tayi sai na karanta fassararsa. Wasan ya ƙara jinkiri, amma cikin kwana huɗu na kama kaina sau shida ina shirin faɗin abin da ba shi nake nufi ba.

Na kuma lura cewa maki iri biyu yake ambata. Akwai na manyan kati zalla, akwai kuma jimilla wadda ake ƙara wa ladar gajerun dangi: 3 idan babu ko ɗaya, 2 ga tilo, 1 ga guda biyu. Idan ya ce yana da 12, sai na duba wanne yake nufi. A kwantiragin yanka jimillar tana da amfani, a NT kuwa tilo ba lada ba ne, ƙofa ce a buɗe.

21 ga Janairu

Zazzabi ya kwantar da ni, kwana huɗu ban buga ba, sai na yi amfani da kwanciyar na karanta yadda irin waɗannan manhajoji ke tunani. Abin ya warware mini ƙulli da yawa.

Kashi biyu ne. Na farko kundin dokoki ne, dubbai, kowace tana cewa idan gwanjo ya tafi kaza, hannu kuma kaza ne, to tayi kaza. A zagaye na farko da na biyu kusan kundin ne kaɗai ke magana, kuma a nan ba ya mantuwa, ba ya kuskuren ƙirga. Na biyu kuma kwaikwayo ne. Idan gwanjo ya yi nisa, ko ana ja-in-ja da abokan adawa, sai ya raba katin da ba ya gani a ɓoye sau da yawa, kowane rabo ya dace da abin da kowa ya faɗa a gwanjon. Sannan ya ɗauki kowane tayi da yake iya yi, ya bi kundin ya ga inda gwanjon zai ƙare, ya warware wasan kamar dukkan hannuwa huɗu a buɗe suke, ya zaɓi wanda ya fi riba a tsakaice.

Wannan dabara da sunan Matthew Ginsberg, Ba'amurke, aka fi saninta. Manhajarsa GIB ta shiga wata gasar warware hannuwa masu wuya a birnin Lille na Faransa a 1998, tare da ƙwararrun duniya, ta zo ta 12 cikin 35. Ita ce ta ɗauki kofin duniya na kwamfutoci a 1998 da 1999, gasar da aka fara a 1997. Bayanta Jack ta ƙasar Holan da WBridge5 ta Faransa suka daɗe suna karɓa-karɓa. Har akwai labarin Zia Mahmood, shahararren ɗan wasan birij, wanda a 1990 ya sa cacar fam miliyan ɗaya cewa kwamfuta ba za ta doke shi ba, ya janye a 1996 bayan ya ga inda abin ya dosa.

Abin da ya shafe ni a nan shi ne wannan jimla: kowane rabo ya dace da abin da kowa ya faɗa. Ran 9 ga wata, da na ce 4♠, gogan bai zauna yana tunanin ko ina cikin matsi ba. Ya raba mini hannuwa masu maki 18 zuwa sama, ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su da nasa goma, ya ga yawancinsu suna cin 12. Hannuna na gaskiya bai shiga cikin waɗanda ya duba ba ko sau ɗaya, domin a duniyarsa babu shi. Mutum zai iya cewa a ransa, "Anya? Gabas ya buɗe, Yamma ya yi tsalle, ni ina da goma, daga ina 18 za ta fito?" Zai yi zargin wani na ƙari, kuma zai fara zargin abokinsa da ya sani. Gogan ba ya zargina. Duk abin da na faɗa gaskiya ne a wurinsa, kuma a kansa zai yi gini har hawa bakwai.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin wauta. Yanzu ina ganin ya fi kama da madubi maras kunya. Shekarun da na yi ina wasa da yayana, ashe rabin tayina hannunka-mai-sanda ne, shi yake cike giɓin da sanin halina.

22 ga Janairu

Ƙari kan na jiya, kuma wannan karon gidansa na rubuta. Ya kai mu 6♠. Duk sauran dangi lafiya, as ɗaya a waje, sai ♣: A J 10 a hannuna, K 9 4 a shimfiɗa. Sarauniya tana waje, ana iya ɗana mata tarko ta dama ko ta hagu, babu wata alama daga gwanjo. Na zaɓi Yamma, tana Gabas.

A lissafin hannuwa a buɗe, wannan sarauniya kamammiya ce kullum, domin mai ganin komai ya san gefen da take. A hannuna kuwa rabi-da-rabi ce. Ke nan gogan yana auna kwantiragi da idon da ba ni da shi, sannan ya miƙo mini in buga. Shi ya sa yake da kwaɗayin silam, wato alkawarin cin 12 ko 13, fiye da yadda ya kamata a irin wannan hannu. Gaskiya dai haka lissafin yake yi wa masu tsaro ma, yana ba su jefawar farko mafi kyau wadda a zahiri sukan kuskure, don haka a ƙananan kwantiragi abin yakan yi kusan daidai. A silam ne bambancin ke cizo.

2 ga Fabrairu

Rabo 190. Yau na yi abin kunya.

♠ K Q 5
♥ A Q J 9 6 3
♦ A K
♣ K Q

Maki 24. Na buɗe da 2♣, tayin da ke cewa hannuna ya fi ƙarfin a wuce. Ya ce 2♦, na ce 2♥, ya ce 3♥, alamar goyon baya da ɗan abin hannu. Na ce 4NT, tambayar da Easley Blackwood ya ƙirƙiro a 1933. A asalinta as kawai ake tambaya: 5♣ babu ko huɗu, 5♦ ɗaya, 5♥ biyu, 5♠ uku. A salon da aka fi bugawa yanzu makullai biyar ne, as huɗu da sarkin dangin yanka, kuma amsa iri biyu ce a duniya. Wasu 5♣ ɗinsu ɗaya ko huɗu ne, 5♦ babu ko uku, ana kiransa 1430. Wasu kuma akasin haka, 0314.

Ni da yayana 1430 muke yi. Gogan ya ce 5♦. Kaina ya ce uku: as na ♠, as na ♣, sarkin ♥. Da nawa biyu, biyar sun cika, sarauniyar yanka tana hannuna. Na danna 7♥ ina murmushi, ban karanta komai ba.

Shi 0314 yake yi. Makulli ɗaya gare shi, sarkin ♥. As biyu baƙaƙe suna waje, kuma aka ci su. Da na karanta, 5♥ zan ce in kwashe 11 lafiya lau. Dokar da na kafa ran 13 ga watan jiya ban karya ta a kan ƙaramin hannu ba, sai a kan mafi girman da na riƙe tun da na fara. Daɗi ne ya ɗebe ni. Na rubuta 0314 da manyan baƙaƙe a bangon littafin.

10 ga Fabrairu

Wannan makon na ninki ne. Kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu masu gaba da juna: ko "bar su, za mu kayar da su", ko "ba ni da danginsu, zaɓi ɗaya cikin sauran". Mutane sukan rarrabe da yanayi, wani lokacin ma da yadda aka ajiye katin ninkin, abin da doka ta hana. Gogan kuwa a ƙananan hawa kusan kullum ma'ana ta biyu yake ji. Sau biyu na ninka don tara, sau biyu ya janye mu zuwa dangin da ba ni da shi.

To idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yau Gabas, yana cikin ja, ya buɗe da 2♠, wato kati shida da ƙarancin maki. Ni kuma:

♠ K J 9 7 5
♥ A 4
♦ K Q 6
♣ 8 7 3

Hannuna yana ƙaiƙayin ninki. Na daure na wuce. Yamma ya wuce. Gabas shida, ni biyar, saura biyu a duniya, ke nan gogan gajere ne a ♠, kuma mai gajeren ♠ da ɗan maki ba ya barin gwanjo ya mutu a 2♠. Ya ninka, yana cewa in zaɓi dangi. Na sake wucewa, ninkin neman zaɓi ya koma na tara. Gabas ya faɗi da uku, 800 tamu.

Wannan ba sabon abu ba ne, duk mai koyarwa yana faɗar sa. Amma ban taɓa amincewa da shi ba, saboda kullum ina tsoron abokina zai ji tsoro ya wuce. Gogan ba ya jin tsoro. Idan kundin ya ce a ninka, zai ninka ko da jiya an ci mu 1100.

17 ga Fabrairu

Na yi mako guda ina ƙarya da gangan, don in ga iyakar abin. Tunda na Gabas da na Yamma ma 'yan gida ɗaya ne da gogan, su ma duk abin da na faɗa sun yarda.

Na buɗe 1NT da maki 13. Gogan ya kai mu 3NT, ya shimfiɗa 11. Yamma yana da 9. Lissafinsa: 40, a cire 11, a cire 9, a cire aƙalla 15 nawa, abokinsa ba zai wuce 5 ba. Da wuri Gabas ya nuna sarkin ♦, maki 3. Ke nan a duk rabon da Yamma ya kwaikwaya, as na ♥ ba ya hannun Gabas, domin 3 da 4 bakwai ne. Yana hannunsa kuwa. Da Yamma ya karɓi jefawa, ♥ ce kaɗai za ta kayar da ni, bai ko kalle ta ba. Na ci zagaye tara, alkawari ya cika.

Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Na maimaita sau da yawa, yawanci ya yi kyau. Ran Alhamis ramin ya ƙure. Na sake buɗe 1NT da 13, gogan yana riƙe da 18, ya ce 6NT kai tsaye. Daidai ya yi. Dalilin da ya sa ake cewa ƙaramin silam a NT yana son maki 33 shi ne, idan kuna da 33, abokan adawa 7 kawai gare su, as biyu kuwa 8 ne, ba za su iya riƙe su ba. Mu 31 gare mu. Maki tara na waje as biyu ne da jak ɗaya, kuma duka as ɗin suna hannun mai jefawar farko.

Da yamma na ba yayana labari a waya, ina dariya. Shi bai yi ba.

"Kai, wai koyon tayi ka je yi ko koyon damfarar inji?"

"Yaya, ai gwaji ne."

"To ka gwada ka gani. Ran da muka zauna ka buɗe mini 1NT da 13, sau ɗaya zan yarda. Daga nan duk 1NT ɗinka sai na rage masa biyu, ran da kake da 17 na gaske mu rasa silam. Shi wancan ba ya tuna jiya, ni ina tunawa."

Maganarsa ta zauna mini. Gogan ba ya koyon halina, shi ya sa ƙarya ke ci a kansa har abada, shi ya sa kuma ba ta koya mini komai. Na rufe gwajin. Rabon makon nan ban sa su cikin ƙidayar laifi ba.

25 ga Fabrairu

Lissafi yau, domin na gano ina barin gem da yawa a ƙasa.

Tun tsarin lada da Harold Vanderbilt ya tsara a 1925 aka gina wasan a kan cewa ladar gem sai wanda ya yi alkawarinsa. A gasar da ake kwatanta tebur biyu da ma'aunin IMP, wanda ke mayar da bambancin lada zuwa ƙananan lambobi, a ce muna cikin ja, ana shawara tsakanin 3♠ da 4♠. Idan goma ta ciwu, wanda ya je gem yana da 620, wanda ya tsaya 170, bambanci 450, wato IMP 10. Idan tara kawai ta ciwu, wanda ya je ya biya 100, wanda ya tsaya ya samu 140, bambanci 240, IMP 6. Riba 10, asara 6: muddin damar cin gem ɗin ta kai kashi 38 cikin ɗari, zuwa ya fi. Idan ba a cikin ja ba, 6 ce da 5, ana son kusan kashi 45.

Na san wannan tun da daɗewa a takarda. Abin da nake yi a tebur daban ne: idan hannu ya tsaya a tsakiya, sai in yi tayin gayyata in jefa wa abokina shawara. Da mutum, wannan ladabi ne. Da gogan, na lura gayyata tana ƙara wa gwanjo zagaye guda, kowane zagaye kuma sabuwar magana ce da zai fassara da ma'aunin kundinsa, masu tsaro su ma su ji. Idan ya riga ya iyakance hannunsa, misali na buɗe 1♠ ya ce 2♠, to ni na fi shi sanin jimillarmu. Sanin inda makina suke zaune, ko 10 da 9 ɗina suna aiki, ko sarauniyata tilo banza ce, duk wannan a wurina yake. To in yanke kawai: ko 4♠ ko in wuce.

Akasin haka ma gaskiya ne, kuma shi ya fi mini wuya. Idan ni na iyakance hannuna, kamar bayan 1NT, to shi ne direba, in zauna in yi shiru. Ya ce 3NT, magana ta ƙare, ko da ina ganin ♣ ɗina babu makari.

3 ga Maris

Rabo 400, ban da na makon ƙarya. Gwanjon da suka lalace har na rubuta su 34 ne. Gidana 21, gidan gogan 8, gidan rabo 5. Laifi tudu ne. Cikin 21 ɗina, 13 iri ɗaya ne: na yi magana ta biyu ko ta uku a kan hannun da maganar farko ta riga ta ƙare shi. Takwas ɗinsa kuwa kusan duka a gwanjo mai cunkoso ne, hawa na huɗu zuwa sama, inda kundin ya yi siriri, fassarar ta zama faffaɗa, kwaikwayon ya rasa abin kamawa. A can na ga ya bar ni a dangin da nake da uku shi yana da biyu, na kuma ga ya janye 3NT mai kyau zuwa 5♦.

Wani abu da na yi ta tunani a kansa: a watan Maris na 2022, a birnin Faris, manhajar NooK ta kamfanin NukkAI ta kara da zakarun duniya takwas a rabo 800, ta fi su a mafi yawan rukunonin. Jaridu sun yi ta yayatawa. Amma a wannan karawa ba a yi gwanjo ba, kwantiragin a yanke yake tun farko, buga kati kawai aka gwada. Gasar Lille ta 1998 ma haka. Buga kati lissafi ne a kan abin da ke ɓoye. Tayi kuwa zance ne tsakanin biyu, da kalmomi 38, a gaban maƙiya biyu da ke saurare suna kuma katse ku.

A gefe guda, akwai abin da zama da gogan ya wanke mini. Dokar birij ta 16 ta hana mutum amfani da abin da ya tsinta daga jinkirin abokinsa, ko sautin muryarsa, ko yanayin fuskarsa. Kowa ya san dokar, amma wanda ya daɗe da aboki ɗaya yana jin waɗannan abubuwa ko bai so ba. Wata biyu ke nan ba ni da fuskar da zan karanta. Abin da ke kan tebur kawai nake da shi.

8 ga Maris

An gudu ba a tsira ba. Gabas ya buɗe 1NT. Ni:

♠ 6
♥ K 8 3
♦ A Q J 9 7 4
♣ Q 5 2

Dare ya yi, rabo na ƙarshe, na danna 2♦ ina nufin ♦. A kan 1NT na abokan adawa gogan yarjejeniyar Cappelletti yake bi: 2♣ dogon dangi guda ko wanne ne, 2♦ kuwa ♥ da ♠ tare, 2♥ ko 2♠ wannan dangin da ɗaya daga ƙanana, ninki na tara. Ke nan na shaida masa ina da manyan dangi biyu. Yana riƙe da ♠ huɗu masu kyau, ya yi tsalle zuwa 4♠. Ba wanda ya ninka.

A nan ne ainihin laifin yake. Na firgita na ce 5♦, wai in gyara. Shi kuwa a kundinsa babu tayin da ke nufin "yi haƙuri, kuskure na yi". An riga an amince da ♠, don haka sabon dangi a hawa na biyar nunin as ne da neman silam. Ya ce 6♠. Gabas, da maki 15 ɗinsa a ƙalla, ya ninka. Na ce 7♦, aka sake ninkawa, na faɗi da biyar, ba ma cikin ja, 1100. Da na haɗiye 4♠ ɗin shiru, ko faɗuwa biyar ba ninki 250 ce.

Abin haushin, hanyar daidai mai sauƙi ce: in ce 2♣, shi dole ya ce 2♦ don ya ji dangina, in wuce. Da mun tsaya daidai inda nake so, hawa biyu.

Saura rabo 60. Na kwafe teburin Cappelletti a ƙarƙashin 0314 a bangon littafin, na kuma saita manhajar ta riƙa ba ni rabon da Gabas ke buɗe 1NT kawai har zuwa ƙarshen mako. Yayana ya ce ranar Asabar yana da sarari, za mu buga rabo 16. Na aika masa da saƙo tun yanzu ina tambaya ko 1430 ɗinmu yana nan, ko in zo da na gogan.